Masunci, Beyar da Bindiga: Nazarin Lamarin Kogin Russian a Alaska

Kogin Russian ƙaramin kogi ne a yankin Kenai, kudancin jihar Alaska ta Amurka. Tsawonsa kimanin kilomita 21 ne. Yana tasowa daga wani tafki a cikin duwatsu, ya gangaro ya zuba a Kogin Kenai kusa da ƙauyen Cooper Landing, tafiyar awa biyu da 'yan kai a mota daga birnin Anchorage. Gaɓarsa ɗaya tana cikin Gandun Dajin Chugach, ɗayar kuma tana cikin gandun namun daji na Kenai. Sau biyu a shekara jan kifin salmon yakan baro teku ya hauro wannan kogi don ya zuba ƙwai: ayarin farko a tsakiyar Yuni, na biyu daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta. A waɗannan makonni masu fatsa sukan jeru cikin ruwa kafaɗa da kafaɗa, musamman a mahaɗar kogunan biyu, har zaren wani yakan sarƙe da na wani.

Kifin da ya tara mutane shi ne ya tara beyar, wato babbar dabbar dajin nan mai gashi da farata da ake kira "bear" da Turanci. Iri biyu ne a wurin. Akwai baƙar beyar, wadda ita ce ƙarama, akwai kuma mai ruwan ƙasa, wadda rikakken namijinta kan kai kilo 230 zuwa 400. Ƙidayar da aka yi a 2010 ta nuna akwai kimanin 600 na masu ruwan ƙasar a yankin Kenai baki ɗaya. A tsakiyar Yulin 2003, wani matashi mai shekara 25 yana komawa wurin ajiye motoci da dare bayan kamun kifi, sai ya yi kiciɓis da uwar beyar mai 'ya'ya a kan hanya. Ya rayu, amma ya rasa idanunsa biyu. Hukumomi suka rufe kamun kifin dare na wani lokaci, kuma har yau masu zuwa kogin suna muhawara a kan tambaya ɗaya: shin mai fatsa ya rataya bindiga ko kuwa?

Doka ba ta hana shi ba. Tun 2003 Alaska ta ba wa duk wanda ya kai shekara 21, kuma doka ba ta haramta masa mallakar makami ba, damar ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye ba tare da takardar izini ba, da sharaɗin ya sanar da ɗan sanda nan take idan ya tsayar da shi. Saboda haka abin dubawa shi ne ko bindigar tana yin aikin da aka ɗauko ta dominsa, a wannan wuri, a hannun mutumin da ke tsaye cikin ruwa har gwiwa.

Lissafin sakan biyu

Beyar mai ruwan ƙasa tana iya gudun kilomita 55 a awa, wato kusan mita 15 a sakan ɗaya. Gaɓar Kogin Russian cike take da sarƙaƙiya da doguwar ciyawa, ga ƙarar ruwa da ke toshe kunnen mutum da na dabba. A wurare da yawa mutum ba ya hango abin da ya wuce mita 20 ko 30. Idan beyar ta kawo farmaki daga mita 30, sakan biyu ne tsakaninta da shi.

A cikin sakan biyun nan, ga abin da mai fatsa zai yi. Hannunsa ɗaya yana riƙe da sandar fatsa, ɗayan yana kan zare ko igiyar da ya jera kifi. Zai yar da su. Zai kai hannu ga kube, ya ɓalle maɗaurin, ya zaro bindiga. Idan mai makulli ce ya buɗe, idan ba a ɗane take ba ya ɗana. Sannan ya saita a kan abin da ke tahowa yana tsalle, kai a sunkuye, alhali ƙafafunsa suna kan duwatsu masu santsi kuma hannuwansa a jiƙe suke da ruwan sanyi da yauƙin kifi. Wurin da harsashi zai tsayar da beyar nan take ƙarami ne ƙwarai: ƙwaƙwalwa, ko ƙashin baya, ko babban ƙashin kafaɗa. Beyar da aka harba a huhu ko zuciya tana iya ci gaba da gudu na wasu sakanni kafin ta faɗi, kuma waɗannan sakannin sun ishe ta ta iso.

Masana biyu, Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary, tare da abokan aikinsu, sun tattara aukuwa 269 da aka yi a Alaska tsakanin 1883 da 2009 inda mai bindiga ya yi arangama da beyar, suka buga sakamakon a 2012. Masu ƙaramar bindiga sun yi nasarar tsayar da dabbar a kashi 84 cikin 100, masu doguwa kuma kashi 76. An kashe beyar 172. Amma a aukuwa 151 cikin 269 ɗin, wato kashi 56 cikin 100, beyar ta ji wa mutum rauni. Abin da ya fi amfani ga masunci a wannan bincike shi ne dalilan da bindiga ta kasa. Rashin lokaci shi ne kan gaba, kashi 27 cikin 100. A kashi 21 mutumin bai yi amfani da ita ba sam. A kashi 14 ta cije ko ta sami wata matsalar inji. A kashi 9 dabbar ta riga ta yi kusa da yawa, a wani kashi 9 kuma an harba an kuskure. Harsashi ya ƙare ba a sami damar sake ɗurawa ba a kashi 8, makulli ya ƙi buɗuwa a kan lokaci a wani kashi 8, sauran kuma tuntuɓe ne da faɗuwa, da inda ƙarar harbin ce ta tunzura dabbar.

Duk wanda ya karanta wannan jeri da kyau zai ga ƙarfin harsashi ba ya cikinsa. Masunta sukan shafe dare suna gardama a kan wace bindiga ce ta fi ƙarfi, alhali abin da ke kayar da mutane shi ne lokaci, da hannu, da inda aka ajiye makamin.

Wace bindiga, kuma a ina take rataye

Hukumar Kifi da Namun Daji ta Alaska tana ba da shawarar doguwar bindiga mai harsashi .300 Magnum, ko bindigar farauta mai lamba 12 da aka ɗura wa dunƙulen dalma guda, mai nauyin kusan giram 28, maimakon ƙananan 'ya'yan dalma na harbin tsuntsu. Ta kuma yi gargaɗi cewa ƙaramar bindiga, ko da mai ƙarfi ce irin .44 Magnum, tana iya kasawa a lokacin gaggawa, musamman a hannun wanda bai samu horo ba.

Shawara ce mai kyau ga mafarauci ko ma'aikacin gandun daji. Ga mai fatsa tana da aibi guda babba. Doguwar bindiga tana da nauyin kilo uku ko fiye, kuma ba a wurga fatsa da ita a kafaɗa tsawon yini. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne a jingine ta a jikin bishiya, mutum ya shiga ruwa, ya bi kifi ƙasa-ƙasa mita 10, mita 20, sai ga beyar ta fito tsakaninsa da bishiyar. Shi ya sa yawancin masunta da ke ɗaukar makami suka koma ga ƙaramar bindiga: ko mai juyi ta .44 Magnum wadda ke ɗaukar harsashi biyar ko shida, ko mai ɗura kanta ta milimita 10 wadda ke ɗaukar har 15. Mai juyi ba ta cika cijewa ba, kuma tana tashi ko an danna bakinta a jikin dabba, amma haurinta yana da ƙarfi, harbi na biyu yakan makara. Mai ɗura kanta ta fi saurin maimaitawa, sai dai idan riƙon ya yi sako-sako, ko yashi ya shiga, ko an danna bakinta a jikin dabbar har samanta ya ja baya, tana iya ƙin tashi. A dukansu biyu, harsashi mai tauri wanda ke ratsa ƙashi ake nema, domin mai laushin kai da ke bajewa da wuri yakan tsaya a cikin kitse da tsoka.

Wurin ratayawa ya fi nau'in bindigar muhimmanci. Masunta a nan suna sa dogon wandon roba mai kaiwa ƙirji. Kuben ƙugu yakan shige ƙarƙashin wandon ko ya nutse a ruwa. Kuben ƙirji, a saman wando da rigar ruwa, shi ne kaɗai hannu ke kaiwa cikin sakan ɗaya, kuma dole a gwada zarowa da kowane hannu, sanye da cikakkun kayan kamun kifi, da bindiga wadda aka tabbatar babu harsashi a cikinta. Bindigar da ke cikin jakar baya daidai take da wadda aka bari a gida. A 2018 a jihar Wyoming, beyar ta kashe wani jagoran mafarauta yana cikin feɗe barewar da suka harbo. Bindigarsa tana wajen kaya, 'yan taku kaɗan daga inda yake. Abokin tafiyarsa ya ɗauko ta, amma ya kasa harbawa, domin ba a ɗane take ba kuma bai san yadda take aiki ba.

Mutanen da ke bayan beyar

Cunkoson mutane shi ne abin da ya bambanta Kogin Russian da yawancin kogunan Alaska, kuma a ganinmu shi ne hujja mafi nauyi. A kogin da ba kowa, wanda ya harba ya kuskure ya yi asarar harsashi ne kawai. A nan kuwa, bayan beyar akwai layin masunta, akwai iyalai a kan hanyar katako da aka shimfiɗa a gaɓa, akwai wasu a tsallaken ruwa da ciyawa ta ɓoye. Harsashin da ya bugi fuskar ruwa a karkace ko ya bugi dutse yakan yi tsalle ya canza hanya. Harsashi mai taurin da aka zaɓa don ya ratsa beyar yana iya ratsa ta ya fita. Dokar gandun dajin tarayya ma ta hana harbi a cikin yadi 150, kusan mita 137, daga sansani ko wurin da jama'a ke zaune, ta kuma hana harbi ya tsallaka hanya ko ruwan da ke gefenta.

Idan beyar ta riga ta danne mutum, abin ya fi muni. A Satumbar 2011, a kan iyakar jihohin Montana da Idaho, beyar da aka raunata ta kama wani mafarauci, abokinsa ya yi ta harbi don ya cece shi. Binciken gawa ya nuna harsashin abokin ne ya kashe shi. Ga kuma matsalar raunatacciyar beyar: wadda aka harba ba ta mutu ba takan shige sarƙaƙiyar da ɗaruruwan mutane za su bi kafin dare, kuma ta fi hatsari fiye da yadda take kafin a taɓa ta.

Feshin barkono

Makami na biyu gwangwani ne mai feshin barkono da aka yi musamman don beyar. Wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa rajista yana da nauyin aƙalla giram 225, da sinadarin zafin barkono kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Yana kaiwa mita 8 zuwa 10, kuma gwangwanin yakan ƙare cikin ƙasa da sakan 10 idan an danna ba tsayawa. Ba ya buƙatar saiti irin na bindiga, domin hazo yake yi mai faɗi wanda dabbar za ta kutsa ciki, ya rufe mata ido da hanci da numfashi na ɗan lokaci.

Smith da Herrero sun yi nazarin wannan ma, suka buga a 2008: aukuwa 83 a Alaska tsakanin 1985 da 2006. Feshin ya tsayar da beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin 100, baƙa kuma a kashi 90. Kashi 98 na mutanen da ke ɗauke da shi sun fita ba rauni, mutum uku da suka ji ciwo kuma babu wanda aka kwantar a asibiti. Iska ta karkatar da feshin a kashi 7, amma duk da haka ya kai ga dabbar. A kashi 14 ya shafi mai fesawar da kansa.

A nan sai an yi adalci, domin ana yawan jera kashi 92 kusa da kashi 76 a ce an gama magana. Binciken biyu ba abu ɗaya suka auna ba. Labaran bindiga an tsinto da yawansu ne daga jaridu da tsofaffin rahotanni, waɗanda suka fi ɗaukar aukuwar da jini ya zuba. Labaran feshi kuma sun haɗa da beyar da ta matso don son sani ko neman abinci, ba mai farmaki kaɗai ba. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne feshin yana aiki a hannun mutumin da ba gwani ba, kuskurensa ba ya kashe maƙwabci, kuma ana iya fesa shi a kan beyar da ke bisa mutum ba tare da tsoron harbin mutumin ba. A kogi mai cunkoso waɗannan ukun sun rinjayi komai.

Yadda ake amfani da shi: a rataye a ƙirji ko a ɗamarar wando ta waje. A zare maƙalin kariya da babban yatsa, a riƙe da hannu biyu domin yana ɗaga baki sama idan ya fara fita. A nufi ƙasa kaɗan, gaban dabbar, saboda kanta a sunkuye yake kuma hazon tashi yake yi. A fara fesawa tana kamar mita 10 zuwa 15 idan da gudu take tahowa, sakan biyu ko uku, a ƙara idan ba ta juya ba, sannan a bar wurin da tafiya. Kurakuran da aka saba gani: barin gwangwani a mota cikin rana har zafi ya fasa shi, ɗaukar wanda ya wuce wa'adinsa na shekara uku ko huɗu har iskar da ke tura shi ta ragu, da fesa shi a kan tanti ko kaya kamar maganin sauro. Wannan na ƙarshe yana jawo beyar ne, domin idan zafin ya lafa ƙamshin man da ya rage yana burge ta, kuma binciken 2008 ya ci karo da hakan sau 11. Ba a shiga jirgin sama na fasinja da shi, ko a hannu ko a cikin kaya, sai dai a saya bayan an sauka.

Abin da ke kawo beyar tun farko

Hukumomin da ke kula da kogin sun fi zuba ƙarfinsu a kan ragowar kifi fiye da makami, kuma sun yi daidai. Mai fatsa yakan yanke tsokar kifi ta gefe biyu ya jefar da kai da ƙashi. Idan dubban mutane suka yi haka, gangar kifi takan taru a wuraren da ruwa ba ya gudu, ta zama abinci na ɓagas. Uwa takan kawo 'ya'yanta, 'ya'yan su taso sun san cewa inda mutum yake nan abinci yake. Irin waɗannan matasan beyar su ne ke bin masunta suna ƙwace jaka, su ne kuma aka fi harbewa.

Saboda haka ƙa'idar wurin ita ce a fita da kifi ɗungurungum bayan an cire hanji, ko kuma a yanka shi a teburan da aka tanada, a daddatsa ragowar ƙanana, a wurga cikin ruwa mai ƙarfi ya tafi da su. Jaka, abinci da akwatin sanyi kada su yi nisan da ya wuce ƙafa 3 daga mai su, kusan mita ɗaya. Igiyar kifi kada ta wuce ƙafa 12, ƙasa da mita huɗu. Idan beyar ta nufo alhali kifi yana fantsama a ƙugiya, a sassauta zare ya daina motsi, in bai yiwu ba a yanke zaren. Kada a jefa mata kifi don ta tafi, domin gobe za ta nemi na wani. A yi tafiya cikin rukuni, ana magana da ƙarfi a kwanar hanya da inda ruwa ke ƙara, a kuma guji hanyoyin gaɓa da tsakar dare da asuba.

Idan an haɗu, gudu shi ne babban kuskure. A tsaya, a haɗu wuri ɗaya, a yi magana da murya a kwance, feshi a hannu. Yawancin farmakin uwar beyar barazana ce, takan ja birki ko ta kauce kafin ta iso, kuma mai bindiga da ya harba a wannan lokaci ya mayar da barazana ta zama faɗa. Idan mai ruwan ƙasa ta kai ga jiki don kare 'ya'yanta, a kwanta rub da ciki, a haɗe yatsu a bayan wuya, a ware ƙafafu don kada ta juya mutum, a bar jakar baya a jiki, kada a motsa sai ta yi nisa. Idan kuwa baƙa ce, ko kowace iri ce da ta biyo mutum a natse tana farautarsa, kwanciya ba ta da amfani, sai faɗa da duk abin da hannu ya samu, a nufi fuska da hanci.

Akwai inda bindiga take da gurbi: kogunan nesa da jirgi ke sauke mutum ya tafi, sansanin kwanaki, wurin da iska ke kaɗawa ba sassauci, ko beyar da aka fesa ta sake dawowa. Wanda ya ɗauke ta a irin wannan wuri, ya ɗauke ta tare da feshi, bayan ya yi atisaye mai yawa a kan abin da ke motsi kuma cikin ƙurarren lokaci. Baƙo kuma ya sani cewa dokar tarayyar Amurka ta hana wanda ya shiga ƙasar da bizar ziyara ko ta karatu riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya cika wani sharaɗi na musamman, kamar mallakar lasisin farauta mai aiki.

Bayan an harba

Dokar Alaska ta yarda a kashe dabba don kare rai ko dukiya, amma da sharuɗɗa. Kada ya zama mutumin ne ya tsokane ta ko ya kutsa mata ba dalili. Kada ya zama sakacinsa da shara ko abinci ne ya jawo ta. Kuma sai ya zama ya gwada duk wata hanya da za ta yiwu kafin harbi. Dukiyar da dokar ke nufi ita ce irin su gida, abin hawa, dabbobin gida, da abin da rayuwar mutum ta dogara a kai. Kifi uku na nishaɗi a jikin igiya ba su kai wannan matsayi ba, kuma wanda ya bar jakarsa a gaɓa ya shiga ruwa, beyar ta zo ya harbe ta, zai sha tambayoyi.

Dabbar da aka kashe ta zama ta gwamnatin jiha. Wanda ya harbe ta zai sanar da hukumar namun daji ko 'yan sandan jiha nan take. Shi ne zai feɗe ta, ya miƙa fatar da faratanta a jiki, tare da ƙoƙon kai, aikin da kan ci awoyi a kan dabba mai ɗaruruwan kilo, a wurin da wasu beyar ke jin ƙamshin jini. Sannan ya cika takardar bayanin yadda abin ya faru ya miƙa cikin kwana 15. Idan an harbe ta ta tsere da rauni, sanarwar ta fi gaggawa: a faɗi daidai wurin, da lokacin, da inda ta nufa, da ko tana da 'ya'ya, a kuma gargaɗi duk wanda aka haɗu da shi a hanya, domin ma'aikata su rufe wannan ɓangare na gaɓar kafin wasu su shiga.